Tantance kwamfaila: jarrabawar ƙa'ida ko gwama ta da wasu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya isa ka ba kwamfailarka (manhajar da ke fassara shirin kwamfuta zuwa yaren inji) shiri ɗaya da GCC da Clang, sanannun kwamfailolin yaren C, in amsarsu ta zo ɗaya ka ce taka na bin ƙa'idar C. Bai isa ba, ko da yake hanyar tana da amfani ƙwarai.

Hanyoyin tantancewa biyu ne. Ta farko ita ce jarrabawar da aka ciro daga kundin ƙa'idar kansa, wato ISO/IEC 9899 a wajen C. Ana bin kundin sashe-sashe, kowace doka a rubuta mata ɗan gajeren shiri da ke gwada ta. Yaren Ada na da ACATS, JavaScript na da Test262, C kuwa akwai na saye irin su Plum Hall. Abin da ya fi burge ni a ACATS shi ne gwaje-gwajen rukunin B: shirye-shirye ne da aka rubuta da kuskure da gangan, kuma dole kwamfaila ta ƙi su. In ta karɓa, ta faɗi. Rauninta kuwa, mutum ne ya rubuta gwajin, kuma abin da bai zo masa a rai ba ba ya ciki.

Taka ita ce ta biyu, gwamawa. Csmith, wanda aka ƙera a Jami'ar Utah ta Amurka, yana ƙirƙiro shirye-shiryen C barkatai, a ba kwamfailoli da dama, a duba wadda ta saɓa. A rahotonsu na 2011 sun ce sun gano kurakurai sama da 325, har da na GCC da LLVM (wanda aka gina Clang a kansa). Irin wannan gwaji ya fi tono ɓarnar sashen da ke gyara shiri don ƙara masa sauri.

Sai dai haɗuwar bakin kwamfailoli ba ita ce doka ba. Duk suna iya yin kuskure iri ɗaya. Akwai kuma wuraren da ƙa'idar C ta bari a buɗe, kamar lamba mai alama (wadda ke iya zama ƙasa da sifili) da ta wuce iyakarta, ko wace ƙima za a fara lissafawa cikin waɗanda aka miƙa wa wani aiki (function) a cikin shiri. A nan kowacce na iya ba da amsa daban ba tare da ta karya doka ba. Shi ya sa Csmith ke kauce wa irin waɗannan wurare tun wajen ƙirƙira.

Tunda kwamfailarka sabuwa ce, fara da ta farko. Ranar da ka sa mata sashen ƙara sauri, sai ka sakar mata Csmith ya kwana yana gwada ta.