Famfon ban ruwa na sola: abin da na gani bayan rani biyu

Mutane sun dame ni da tambaya a kan famfon solar da na saka a gonata, wasu har da daddare suke kira, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

Ni dai a wani ɗan ƙaramin gari nake a bakin fadamar Haɗejiya, kasuwarmu sau ɗaya take ci a sati, wutar NEPA kuwa falwayoyin ne kawai a tsaye awaki na susa da su. Noman rani shi ne abincinmu, albasa da tattasai da tumatir, wasu su yi alkama. Da can injin fetur nake ja kamar kowa, irin mai igiyar nan inci uku. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a gidan mai, amma kafin 2024 ta ƙare ta haura dubu, kuma mu nan ba mu da gidan mai sai 'yan bumburutu masu galan da kwalba, su ma sai sun ɗora nasu. Ka yi wahala ka cire albasa ka zauna lissafi sai ka ga ashe tankin inji ka yi wa noma. Shi ya sa na rufe ido na sai da sa guda da 'yan buhunan shinkafa, na shiga Sabon Gari a Kano na haɗo famfon da farantan sola shida da ɗan akwatin kwantirola mai daidaita wutar da ke shiga famfon.

Gaskiya ranar farko na ji daɗi. Ba ƙara ba hayaƙi ba jan igiya har kafaɗa ta yi tsami, ruwa kawai ke bin hanyarsa yana shiga fangali. Wani dattijo maƙocin gonata ya zo ya zagaya shi sau biyu yana leƙa ƙarƙashin farantan, ya ce ɗana wai shi wannan me yake sha? Na ce Baba rana yake sha. Ya girgiza kai ya ce to Allah ya sa kar gwamnati ta ji ta cire tallafin ita ma.

Amma akwai abubuwan da mai shago ba zai faɗa maka ba. Mu mun saba ban ruwa da asuba ko da yamma lis saboda ƙasa ta riƙe danshi, shi kuwa wannan sai wajen tara da rabi yake fara abin kirki, ana la'asar kuma ya fara lanƙwasa, wato dole ka koma aikin tsakar rana kana so ba ka so. Sannan hunturu. Daidai Disamba zuwa Janairu da albasa ke tsananin son ruwa, lokacin ne hazo ke rufe sama, wata ranar ruwan da yake fitarwa sai ka ce bakin buta wallahi. Ga ƙura, in ba ka bi farantan da tsumma kullum da safe ba ƙarfinsa raguwa yake, yanzu aikin ƙanena ne wannan kafin ya wuce makarantar allo. Kuma ba a barin su a gona su kwana, an kwashe na wani a ƙauyen gabanmu dare ɗaya, don haka kullum a amalanke muke kai su mu dawo da su, kuma gilashi ne, ko ina gargada gabana sai ya faɗi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da kwantirolar ta ƙone a rani na biyu. Injin fetur kowane bakaniken babur a garin nan zai kwance shi ya ɗaura, wannan kuwa kowa ya duba sai ya ce sai Kano. Mai shagon da ya rantse min akwai garanti ya koma cewa wai ni na bari ruwa ya shiga, daga baya ma ya daina ɗaga waya. Kwana tara ina zarya, da ba don ban sai da tsohon injina ba da tattasan nan ya tafi. Har yau injin yana nan a zaure na lulluɓe shi da buhu, ba mai taɓa min shi.

Wani abu kuma, ku san zurfin rijiyarku kafin ku saya. Irin nawa na sama ne, ba ya jawo ruwan da ya wuce kamar mita bakwai, in bazara ta yi ruwa ya yi ƙasa sai ya dinga shan iska. Samarin da ke zuwa da caja su ma su haƙura, ba ya cajin waya sai an haɗa batir.

Duk da haka in aka dawo da ni baya zan sake saye, don rabon da in tsaya gaban ɗan bumburutu ina roƙon bashin galan har na manta. Mai son gani da idonsa ya zo wajen sha ɗayan rana, kar ya zo da asuba, kuma ya taho da tsummansa.