Kafet ɗin malale falo ko na tsakiya: amsa ga wadda nata ya yi tudu bayan wanki

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga hoton falon naki, yadda kafet ɗin ya tashi kamar kunyoyin gona bayan masu wanki sun tafi, har kina tambayar ki sake malale falon ko ki koma na tsakiya. Na tsakiya za ki saya. Amma kar ki yage wannan tukuna, ki ba shi kwana uku.

Je ki ɗaga kusurwa ɗaya ki leƙa bayansa. Za ki ga wata raga mai ƙananan idanu, da farin abu busasshe a tsakaninta. Irin wannan kafet ba saƙa shi ake yi ba. Inji ne ke caccaka zare a jikin ƙyalle, a shafe bayan da gam na roba don ya riƙe zaren, sannan a manna ragar. Wannan gam ɗin yana shan ruwa, in ya sha sai ya saki jiki ya ƙara faɗi. To bango ya tare shi ta kowane gefe, ina zai je in ba sama ba? Sau da yawa in ya bushe yakan koma ya kwanta da kansa. Ki buɗe tagogi, ki kunna fanka duk lokacin da aka kawo wuta, ki hana yara tattaka tudun. Kar ki danne shi da kujera, kar kuma wata ta ce miki a goge shi da dutsen guga, zaren roba ne, narkewa zai yi.

In kwana ukun sun cika yana nan yadda yake, to wankin tona asiri kawai ya yi, laifin tun ranar shimfiɗa ne. A Amurka da Ingila, inda aka saba da wannan kafet, katako mai ƙusoshi suke kafawa a gindin bango, su ɗame kafet ɗin da wani dogon ƙarfe daga wannan bango zuwa wancan, ya zama kamar fatar ganga. Mu nan fa? A warware shi daga naɗi, a baje da hannu, a yanke da wuƙa, a shafa gam a gefe-gefe, an gama kafin la'asar. Da ma da saura a jikinsa. Ki haɗa da jan kujeru da ake yi duk ranar shara, da laimar da siminti ke fitarwa da damina. Akwai gwaji ɗaya: ki tsunkuli gashin daidai kan tudun ki ɗaga. In duka ya taso tare, mai shimfiɗa zai iya ɗame miki shi ya rage gefen. In sama ya taso ya bar ragar a ƙasa, gam ɗin ya mutu, babu mai gyara wannan, kar ki ba kowa kuɗinki.

Ni a jikina na koyi wannan karatun. Lokacin ina da na malale a falona, na kira masu wanki a tsakiyar malkar Agusta, wai don za mu yi baƙi. Samari biyu suka zo da bokiti da buroshi da garin sabulu, da wani injin tsotse ruwa da ƙararsa ta fi aikinsa. Ruwan da suka zuba ko rabi bai fito ba. Kwana huɗu falon na warin riga da aka manta a bokiti, bayan doguwar kujera ya yi fumfuna, tudu biyu suka ƙi kwanciya har abada. Ranar da uwar mijina ta yi tuntuɓe da ɗaya tana riƙe da kwanon fura, a daren na sa aka naɗe shi. Abin da ba zan hana shi ba, yana da ɗumin ƙafa da hunturu, kuma satin farko yana kyau a hoto.

Na tsakiyan nawa kuwa, saƙar Turkiyya ne, mita 2 da mita 3, ja mai duhu da zanen ruwan madara, a kan tayil yake. Shekararsa takwas a gidan nan. Sunan yara biyu aka yi a kansa, an ci tuwo, an ɓarar da zoɓo, autana har manja ya taɓa juye masa. Washegarin sunan muka naɗe shi ni da ƙanwata, aka sa a Keke Napep zuwa wurin masu wankin mota. Suka wanke, suka tsane ruwan da faifan roba, suka shanya a katanga. Hunturu ne, kafin magariba ya dawo a bushe ƙarau, na shimfiɗa ya kwanta lumui kamar bai je ko'ina ba. Babu bangon da ya matse shi, babu gam mai kauri a bayansa, kuma ruwansa a waje yake ƙarewa, ba a cikin ɗakina ba. Ƙurar da na share a ƙarƙashinsa ranar nan ta isa cika kwano, sai na tuna waccan da ta shekara huɗu a ƙarƙashin na malalen muna shaƙa.

Shi ma yana da nasa hali. Da yawa daga cikin saƙaƙƙun akwai zaren algarara a bayansu, shi kuma in ya jiƙe sharkaf takurewa yake yi, sai ki ga baki ya lanƙwashe sama. Don haka ki ce kar su jiƙa shi ya kwana, kar su ninke shi kamar zani, naɗewa ake yi. Wanki kuma ki bari sai iska ta juya, hunturu ya shigo.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa, ki yi hattara da wasu 'yan kasuwa. Garin Gaziantep ne cibiyar kafet ɗin inji a Turkiyya, kowa na son wannan sunan, shi ya sa za ki ga takardar Turkiyya manne a bayan kafet ɗin da bai taɓa jin sanyin can ba. Takarda ba shaida ba ce. Ki sa a juya miki bayansa: saƙaƙƙe na gaske zanensa yana fitowa ta baya, kina iya ƙirga layin zaren. In kin ga farin ƙyalle ko raga ta rufe bayan, ɗan uwan wanda ke falonki ne aka yi wa gefe. Ki lanƙwasa kusurwa ki murza, in farin gari ya zubo kamar alli, gam ɗin ya sha haɗi, wanki biyu zai fara zubar da gashi. Ki tafi da tef ɗinki na awo kuma. Yadi santimita 91 ne, mita kuwa santimita 100, akwai mai yi miki ciniki da mita ya ba ki yadi, sai kin je gida ki ga ya gaza. Wanda ya ce miki siliki ne a kuɗin na roba, ki yi masa sallama.

In falon siminti ne, kuɗin sabon na malalen ki fara sa tayil da su, ko leda mai kauri kafin Allah ya hore. Ki auna tsakanin kujerunki kafin ki fita, ki ɗauki mai gajeren gashi mai launi a cakuɗe, ya fi ɓoye tabo a gidan yara.