Pink Floyd at Pompeii a faifan Blu-ray na 2025: ya ci kuɗinsa, amma kada ka yar da tsohon DVD

Duk mai tara fina-finan wasannin tsofaffin ƙungiyoyin rock ya san cewa rubutun "an gyara" a jikin kwali ba ya nufin komai sai an sa faifai a na'ura an gani. Wani gyaran kwaskwarima ce kawai, a ɗauko tsohon kaset a ƙara masa haske a sake masa riga. Wani kuma sai a koma kan asalin zaren fim ɗin da ya fito daga cikin kyamara. Wannan faifai da Sony ya fitar ranar 2 ga Mayun 2025, mai suna Pink Floyd at Pompeii – MCMLXXII, na kashi na biyu ne, shi ya sa ya cancanci saye. Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata mai saye ya sani kafin ya biya, ɗaya a kan hoto, ɗaya a kan sauti.

Fim ɗin kansa na Adrian Maben ne, wanda ya ɗauki Pink Floyd, ƙungiyar rock ta Birtaniya, tana kiɗa a tsohon filin wasa na Romawa da ke Pompeii a Italiya, garin da dutsen Vesuvius ya binne da toka a shekara ta 79. Babu 'yan kallo ko ɗaya. Mutum huɗu ne, David Gilmour da Roger Waters da Richard Wright da Nick Mason, da jerin manyan sifikoki a bayansu, da ma'aikata suna tura kyamara a kan dogo. An yi ɗaukar daga 4 zuwa 7 ga Oktoban 1971, kwana huɗu kacal, domin wutar da ke filin ta kasa ɗaukar kayan, sai da aka jawo doguwar waya daga cikin gari, kwanaki suka salwanta a haka. Wannan matsalar wuta ita ce mabuɗin fahimtar duk abin da ke cikin faifan. Waƙa uku kaɗai aka samu aka ɗauka a Pompeii: Echoes, A Saucerful of Secrets da One of These Days. Sauran, irin su Careful with That Axe, Eugene da Set the Controls for the Heart of the Sun, a wani ɗakin ɗaukar fim na Faris aka yi su a Disambar wannan shekarar. Masu tara faifai suna da hanyarsu ta rarrabewa: a duba haɓar Wright. In da gemu, Pompeii ne. In ya yi aski tas, Faris ne.

Shekara da shekaru ana ɗauka cewa asalin nagatif ɗin, wato zaren da ya fito daga cikin kyamara, mai faɗin milimita 35 ya ɓata. Lana Topham, wadda ke kula da gyaran tsofaffin hotunan ƙungiyar, ita ta gano shi a ma'ajiyarsu cikin gwangwanaye biyar da aka yi wa rubutu mai ruɗarwa. Daga nan aka ɗauki hoton kowane firam, wato kowane hoto ɗaya da ke kan zaren, da ingancin 4K, wanda ya fi na Blu-ray na yau da kullum kaifi, aka cire ƙura da karce, aka daidaita launi. Bambancin a bayyane yake tun minti na farko, inda kyamara ke tahowa a hankali daga can saman filin zuwa wurin gangunan Mason. A tsofaffin faifai kujerun dutsen da ke zagaye da filin dunƙule suke, launin toka guda. A nan ana ganin ciyawar da ta tsiro tsakanin duwatsu, ana karanta rubutun da ke bayan sifikoki, ana ganin ƙura a ƙafar Gilmour da ke kiɗa babu riga. Fata ta dawo launin fata, sama ta yi shuɗi ba tare da ta koma kamar fenti ba.

Abin yabon da ya fi girma shi ne ba a goge yashin fim ba. Zaren fim yana da ƙananan ɗigo-ɗigo masu motsi kamar yashi, kuma a cikinsu ne bayanan hoton suke. Wasu masu gyara sukan sa kwamfuta ta share su don hoto ya yi sumul, sai fuskoki su koma kamar an shafe su da kakin zuma. Wannan ne ƙorafin da aka yi ta yi a kan aikin Peter Jackson na 2021 da hotunan ƙungiyar Beatles, waɗanda a zaren milimita 16 aka ɗauke su, mai yashi da yawa. A Pompeii yashin yana nan, siriri, yadda ya kamata.

Ba ko'ina hoton yake da kaifi ba, kuma ba laifin faifan ba ne. Duk wurin da Maben ya raba allo gida-gida, ko ya ɗora hoto kan hoto, ko ya haska hoton Pompeii a bayan makaɗan a Faris don cike giɓi, to wannan yankin an sake kwafe shi ne a ɗakin wanki tun 1972, ya yi nisa da nagatif da mataki ɗaya ko biyu. Nan take za ka ga hoton ya yi laushi, yashi ya ƙaru, sannan ya dawo daidai. Babu gyaran da zai dawo da abin da ba ya kan zaren. Haka ma One of These Days, inda kusan Mason kaɗai ake gani daga farko har ƙarshe: zaren da ke ɗauke da sauran mutum ukun ya ɓata tun wancan lokacin, bai kuma dawo ba. Ladan wannan rashi shi ne ana ganin lokacin da sanda ta kuɓuce masa ya zaro wata bai rasa bugu ba.

Ga abu na farko da mai saye zai kiyaye. An yi gyaran da 4K, amma wannan faifan na Mayun 2025 Blu-ray ne na yau da kullum, wato layi 1080. Masu sayarwa a intanet sukan rubuta 4K da manyan baƙaƙe, mutum ya ɗauka faifan Ultra HD ne. Ba shi ba ne. Hoton ya fi DVD nesa ba kusa ba, tunda DVD layi 576 ne ko 480, amma kada wani ya caje ka kuɗin abin da ba shi ka saya ba.

Siffar hoton kuwa ta dawo yadda aka ɗauke ta, kusan murabba'i, 4:3. A talabijin ɗin zamani za ka ga baƙin shafi dama da hagu. Haka yake, kada a taɓa maɓallin faɗaɗawa. DVD ɗin 2003, wanda Maben ya sake tsarawa, ya yanke sama da ƙasa don hoto ya cika allo mai faɗin 16:9, kuma lissafin a fili yake: kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin hoton ke tafiya. Kawuna suna gogar saman allo, hannun mai jita yana fita ta ƙasa. Ga kuma hotunan sararin samaniya da zanen kwamfuta da aka cusa a ciki, waɗanda tun a lokacin ba su yi wa mutane daɗi ba, yanzu kuwa sun tsufa fiye da fim ɗin kansa. Sabon faifan ya watsar da duk wannan, ya koma kan tsarin minti 85 mai ɗauke da hotunan Abbey Road a Landan, inda ake ganinsu suna aikin kundin waƙoƙinsu The Dark Side of the Moon, suna cin abinci suna gardama, Mason yana nacin a ba shi wainar tuffa marar ɓawo. Wanda ba ya son surutu akwai zaɓin kiɗa zalla, kimanin awa guda.

Abu na biyu, sauti. Steven Wilson ne ya sake haɗa shi daga asalin kaset, kuma zaɓi uku ne a faifan: sitiriyo marar matsi na sifika biyu, 5.1 na Dolby TrueHD mai zagaye mai sauraro da sifikoki, da Dolby Atmos mai ƙara sifikokin sama. Sitiriyon ya fi kowanne gamsarwa. Jitar bes ta Waters ta samu nauyi, ogan ɗin Wright ya fito daga ƙarƙashin hayaniya, muryoyin Gilmour da Wright a Echoes suna rabuwa, kana jin kowanne da nasa layin. Dukan babban kugen da Waters ke yi a A Saucerful of Secrets ya daina fashewa kamar ana buga kwano. Atmos ɗin an yi shi da kamun kai: ƙungiyar tana gabanka kamar yadda take a hoto, sifikokin baya da na sama iska da amsa-kuwwa suke ɗauka. Wanda ke jiran ya ji ganguna suna zagaya kansa zai yi jiran banza, kuma dalilin na fasaha ne. Na'ura mai layi takwas aka yi ɗaukar da ita, layi takwas ɗin nan kuma su za a raba wa ganguna, bes, jita, ogan da muryoyi. Ba a raba abin da aka riga aka haɗa a layi guda.

Matsalar ita ce duk zaɓi ukun sabon haɗi ne. Haɗin da mutane suka saba ji tun zamanin kaset ɗin bidiyo, da kaushinsa da komai, ba ya cikin wannan faifai. Ga mai kallo kawai ba komai ba ne. Ga mai tarawa rashi ne, domin tarihin fim ya haɗa da yadda aka ji shi a zamaninsa. Nan ne tsohon DVD ɗin 2003 yake da sauran amfani: a cikin ƙarin kayansa akwai asalin fim ɗin 1972 na awa guda a siffar 4:3, da doguwar hira da Maben. Mai akwatin The Early Years na 2016, tarin ayyukan ƙungiyar na farko, shi ma ya riƙe abinsa, domin akwai wani haɗin daban a ciki. Akwatin nan ma ya zo da kuskuren da masu tarawa ke dariya a kai har yau: an saka CD ɗin sautin Pompeii a gurbin kundinsu Obscured by Clouds, sai da aka ƙara faifan da ya kamata a cikin wata 'yar jaka daban.

Tsohon DVD ɗin ma a duba wane iri ne. Fim yana tafiya firam 24 a daƙiƙa, tsarin talabijin na PAL na Turai da Afirka kuwa 25 ne, kuma hanyar da aka saba bi ita ce a ƙara wa fim gudu da kashi 4 cikin ɗari. A fim ɗin labari ba kowa ke lura ba. A fim ɗin kiɗa sauti yana hawa sama da kusan kashi biyu cikin uku na tazarar maɓalli ɗaya na fiyano, in ba a gyara ba, mai bin waƙa da jitarsa zai ji sun saɓa. Blu-ray ba shi da wannan cuta, firam 24 yake bayarwa.

Yawancin masu cewa sautin bai burge su ba, saitin na'urarsu ne. Wayar haske, wato optical, ba ta ɗaukar TrueHD ko Atmos na faifai, ramin HDMI na talabijin mai alamar ARC ma haka, sai mai alamar eARC. Mafi sauƙi a haɗa na'urar faifai kai tsaye da amfilifaya ta HDMI, sannan amfilifaya zuwa talabijin. A cikin saitin na'urar a zaɓi Bitstream, a kashe sauti na biyu, wanda na'urorin Sony ke kira BD Audio MIX Setting. In an bar shi a kunne, na'urar za ta sauke sautin zuwa ƙaramin Dolby ba tare da ta faɗa maka ba, kuma fuskar amfilifaya ba za ta taɓa nuna Atmos ba. Mai sifika biyu ya zaɓi sitiriyo daga jerin faifan, kada ya bar na'ura ta matse masa 5.1. A talabijin kuma a kashe abin da ke sulɓe motsi, ko a zaɓi Filmmaker Mode in akwai, a mayar da rage hayaniyar hoto sifili, in ba haka ba talabijin ɗin zai goge yashin da masu gyara suka sha wahalar bari. In bugun sandar Mason yana riga ƙararsa ko yana binta a baya, a daidaita jinkirin sauti a amfilifaya kaɗan-kaɗan, milisakan goma-goma, ana kallon hannunsa.

Mai yin oda daga waje ya juya kwalin ya duba alamar yanki. Blu-ray yanki uku ne: A na Amurka, B na Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya, C na wurare irin su Sin da Rasha da Indiya. Faifan kiɗa galibi a buɗe suke, ana ganin haruffan uku tare, amma dubawa ba ta cin kuɗi. DVD lambobi yake bi, Najeriya da Nijar suna yanki na 5, Turai 2, Amurka 1. Na'urar da aka sayo daga Amurka kuma wata wutar 120 kaɗai take ɗauka, a soka ta a 230 ta ƙone nan take, don haka a karanta rubutun da ke bayanta tukuna.

Jabu yana da saurin ganewa. Faifan kamfani bugawa ake yi da inji, cikinsa azurfa ne mai sheƙi, da ƙananan lambobi a zoben tsakiya. Na kwafi ƙonawa ake yi, cikinsa yakan yi duhu ko ruwan ƙasa, ana ma iya ganin iyakar inda rubutu ya tsaya. Sau da yawa an matse faifan gigabait 50 ne zuwa na 25, abin da ake fara sadaukarwa kuma shi ne sauti marar matsi, wato rabin dalilin sayen wannan fitowar. Na gaskiyar in ya iso, a ajiye shi a tsaye cikin kwalinsa, nesa da taga da zafin rana, lokacin hunturu kuma a busa ƙurar kafin a goge, da tattausan ƙyalle, daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba.