Ofishin yankar tikiti a Tabuk da gaskiyar nisan tafiyar Arar

Akwai wani ƙaramin ofishin yankar tikitin jirgi a cikin birnin Tabuk wanda Hausawa mazauna arewacin Saudiyya suka saba zuwa, kuma abin da ya sa nake yaba masa shi ne yadda ma'aikacinsa yake fayyace wa matafiyi ainihin nisan da zai yi kafin ya karɓi ko riyal ɗaya daga hannunsa.

Duk wanda ya dubi taswira zai ɗauka Tabuk da Arar maƙwabta ne. Tsakanin filin jirgin Yarima Sultan bin Abdul'aziz da ke Tabuk da filin jirgin Arar, babban birnin lardin Iyakar Arewa da ke kusa da Iraƙi, nisan kai tsaye ta sama kimanin kilomita 520 ne, wato tafiyar da ba ta fi awa ɗaya ba. Sai dai jiragen cikin gida sun fi karkata ga Riyad da Jidda, inda fasinjoji suka fi yawa, don haka ƙananan biranen arewa ba kasafai suke haɗuwa da juna ba. Ranar da na nemi zuwa ta'aziyya Arar babu jirgin da ke zuwa kai tsaye. Ma'aikacin ya juyo mini da allon kwamfutarsa, ya ɗora bakin biro a kan Riyad, ya ce, “Alhaji, sai ka gangara nan tukuna, sannan ka sake haurowa.” Daga Tabuk zuwa Riyad ya haura kilomita 1,050, daga Riyad zuwa Arar kuma kusan 860, jimla sama da 1,900, kusan ninki huɗu ke nan, ban da zaman jira a filin jirgin Sarki Khalid.

Bai tsaya nan ba. Ya haɗa mini zangon biyu a tikiti ɗaya domin kayana su wuce ba sai na sake aunawa ba, ya kuma bar tazara mai kyau tsakanin sauka da tashi. Abin da ya fi burge ni shi ne shawarar da na ji ya ba wani magidanci mai yara, cewa ya fi masa sauƙi ya bi mota ta Dumatul Jandal da Sakaka, alhali wannan shawara ciniki ta rage masa.

Ofishin bai rasa aibi ba. Ba a rubuta kuɗin aikinsu a ko'ina ba, sai mutum ya tambaya, kuma ina ganin wannan bai dace da wurin da ake yi wa shaidar amana ba. Wurin zama ma ya yi kaɗan, musamman bayan sallar Isha'i da jama'a suka fi cika. Duk da haka, mai niyyar zuwa Arar, Rafha ko Turaif daga Tabuk zai amfana idan ya fara biyawa ta nan, ya kuma tambayi kuɗin aikin tun kafin a buga masa tikiti.