Akwatin da na tafi karatu da shi, bayan wata huɗu

Sai da biza ta fito sannan na tuna ba ni da akwatin kirki. Wata da watanni hankalina yana kan takardu: fasfo, takardar samun gurbin karatu, shaidar kuɗi a banki, jarrabawar Turanci. Saura kwana 12 in tashi, Abba ya sauko min da tsohon akwatinsa na yadi. Na ɗora shi a sikeli babu ko allura a ciki, ya nuna kilo 6 da ɗoriya. Tikitina kuwa akwati ɗaya ya ba ni dama, mai kilo 23. Ke nan tun ban sa riga ɗaya ba, akwatin ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka yarje min. Na yi wa Abba godiya, na ce masa wannan sai dai ya jira wata tafiyar.

Wanda na saya mai ƙoƙon roba ne mai tauri, irin robar da ake kira folikabonet, da taya huɗu masu juyawa ko'ina. Nauyinsa kilo 4 da 'yan giram. Akwai masu kama da shi da aka yi da robar ABS, sun fi araha, amma folikabonet ya fi jure duka: idan an danna shi yakan lotsa ya dawo, ABS kuwa ya fi saurin tsagewa. Na ga amfanin haka da idona, don lokacin da ya fito a bel ɗin kaya bayan na canza jirgi sau ɗaya, kusurwarsa ɗaya ta sha bugu sosai, amma bai fashe ba.

Girmansa ne abin da nake so mai karatu ya kula da shi. Tsawo santimita 75, faɗi 50, kauri 30, jimla 155. Yawancin kamfanonin jiragen sama suna tsayar da iyaka a 158 idan an haɗa ɓangarorin uku, kuma da taya da mariƙi ake aunawa. Akwatin yana da zif na biyu da ke ƙara masa ciki da kusan santimita 5. Mai sayarwa ya yi ta yabon wannan zif ɗin, ni ma ya burge ni, sai da na zauna na yi lissafi na ga da zarar na buɗe shi na kai 160, na wuce iyaka. Ban taɓa shi ba har na sauka. Zif ne na mai tafiyar mota ko jirgin ƙasa.

Tare da shi na sayi ɗan ƙaramin sikelin rataya, wanda bai fi tafin hannu ba. Gaskiya shi ya fi min komai amfani a makon ƙarshe. Sau bakwai muka shirya akwatin nan muka warware ni da Umma. Ita burinta kada sanyi ya taɓa ni, don haka ta sa bargo mai kauri da rigunan sanyi uku, duk a cikin ledar nan da ake zuƙe wa iska. Ledar tana rage cika amma ba ta rage ko giram ɗaya, sai ma ta ba ka wurin ƙara kaya. Muka rataya, kilo 27. Na ce, "Umma, bargon nan fa ba zai je ba." Ta yi shiru tana shafa shi, can ta ce, "To ki yi min alkawari ranar da kika sauka za ki sayi wani." Na yi, kuma na cika. Har yanzu idan na tuna fuskarta a daren nan sai idona ya kawo ruwa. A filin jirgi aka auna, kilo 22.6, daidai da abin da ɗan sikelina ya faɗa a gida.

Makullinsa na lambobi uku ne, mai alamar jan lu'ulu'u, wato irin wanda jami'an TSA, masu binciken kaya a filayen jirgin saman Amurka, ke iya buɗewa da nasu mabuɗin ba tare da sun karya ba. Duk da haka ban amince masa da abin da ba zan iya rasawa ba. Takardun shaidar karatuna na asali, laftof, magunguna da kayan sawa na kwana biyu duk a jakar goyo suka tafi. Fawa banki dama ba a yarda a sa shi a akwatin da za a loda ba, saboda batirin litiyom na iya kamawa da wuta. Nawa mai 20,000mAh ne, wato kusan 74Wh a ma'aunin ƙarfin batir da kamfanonin jirgi ke dubawa, ƙasa da 100Wh da ake bari a shiga da shi jirgi ba tare da neman izini ba.

Inda ya ba ni haushi: jikinsa mai sheƙi ne, tafiya ɗaya ta cika shi da ƙarce. Mariƙin da ake jan akwatin da shi yana ɗan rawa idan an zaro shi har ƙarshe. Tayoyin suna gudu kamar ruwa a daɓen filin jirgi, amma daga tashar bas zuwa masaukin ɗalibai hanyar ta duwatsu ce, sai da na karkata shi na ja da taya biyu, yana ta ƙara, ga hannu ya sage. Sannan a tsakiya yake rabewa gida biyu, don haka buɗe shi yana bukatar fili ninki biyu. A ɗan ɗakina sai na ɗora shi kan gado.

Wanda zai yi shekara uku ko huɗu a waje, yana zuwa gida sau ɗaya a shekara, ina ganin zai ji daɗinsa, amma ya zaɓi mai jiki mara sheƙi, kuma ya guji baƙi. Baƙaƙen akwatuna irin nawa sun fi goma a bel ɗin nan. Da jan ƙyallen da ƙanwata ta ɗaura a mariƙi na gane nawa tun daga nesa, kuma har yau ban kwance shi ba.