Zazzaɓin matashi da na tsoho: awo ɗaya, ma'ana biyu

Wata ƴar'uwa ta yi tambaya a kan Innarsu mai shekara 82, wadda ke kwance a gida a unguwar Birni ta Zinder tun da ɓarin jikinta ya shanye. Kwana biyu ke nan ta ƙi kunu, tana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa, amma ma'auni a hammata 37,4 ya nuna. Ɗan mai tambayar kuwa da zazzaɓin cizon sauro ya kama shi da damina, 39,5 ya kai. Ko Inna lafiya lau take?

A'a, ƴar'uwa, ba lafiya ba.

Jikin matashi ba ya ɓoye cuta. Zafi ya hau, ya yi ta karkarwa, ya ce miki ga inda ke ciwo. Tsoho kuwa garkuwar jikinsa ta yi sanyi, kuma tun asali zafin jikinsa bai kai na yaro ba, wani 36 ne nasa na kullum. Sai ciwon huhu ya ci rabinsa goshi na nan da sanyi. Abin da ke fallasa cutar shi ne canjin hali: ruɗewa, ƙin abinci, barci ba ƙa'ida, faɗuwa, ko fitsari a shimfiɗa ga wanda bai saba ba.

Shi ya sa a gidajen kula da tsofaffi aka sassauto da iyaka. Ga matashi, 38 ake jira. Ga tsoho, ƙa'idar da likitocin cututtuka masu yaɗuwa na Amurka suka fitar a 2008 ta ce zazzaɓi ne idan awon baki ya wuce 37,8 ko sau ɗaya, ko ya yi ta wuce 37,2, ko awon dubura ya wuce 37,5, ko zafin ya ɗara nasa na kullum da digiri 1,1. Wannan ta ƙarshen ta fi amfani, sai dai tana bukatar a auna tsoho ran da yake lafiya, a rubuta a ajiye.

Wurin awon ma da magana. Hammata takan rage wajen rabin digiri, musamman ga ramammen tsoho da hannunsa ba ya matse ma'aunin, don haka 37,4 ɗin Inna ta kusa 37,9 a baki. Baki ya fi daidai, amma a jira minti 15 bayan shayi ko ruwan randa, kuma kada a sa wa ruɗaɗɗe ma'aunin gilashi, zai iya cizawa. Dubura ta fi duka gaskiya, aikin majo ne. Ma'aunin goshi da ya yawaita tun lokacin korona kuwa, cikin zafin Afrilu a Damagaram ba abin dogara ba ne. A auna kafin a ba da farasetamol, don shi yake rufe zafin.

Sai neman inda cutar take. Huhu ake fara dubawa. Ki zuba wa ƙirjinta ido minti ɗaya cur, kina ƙirga numfashi ba tare da ta sani ba. Babba mai lafiya 12 zuwa 20 yake yi. In ya kai 25, a zargi ciwon huhu ko babu tari. Mai shanyewar jiki da ake ɗura wa kunu a kwance yakan ƙware, kunun ya bi hanyar iska, bayan kwana ɗaya ko biyu huhu ya kamu. A riƙa zaunar da ita in za ta ci, a bar ta zaune rabin awa bayan nan.

Fitsari shi ya fi yaudara. Duhu da wari sau da yawa ƙarancin shan ruwa ne. Kuma tsofaffi mata da dama na ɗauke da ƙwayoyin cuta a mafitsara ba tare da ciwo ba, masu robar fitsari kam kusan dukansu. Sai an ga zafin fitsari, ko jini, ko ciwon mara ko na kwiɓi, sannan zargin ke ƙarfi. Kafso na masu talla a tire ba abin da zai ƙara sai zawo da ƙwayoyin da ba su jin magani.

A juya ta a duba ƙugu, kwatangwalo da dugadugai. Gyambon kwanciya mai ruwa, da ja da zafi a gefensa, ya isa ya kawo wannan duka.

A yi mata TDR, gwajin jini na gaggawa na zazzaɓin cizon sauro, a CSI, wato ƙaramin asibiti. Ga ɗanki, in gwajin ya nuna cutar sauro, galibi an gano bakin zaren. Ga Inna ba haka ba ne, mutumin ƙasar sauro kan ɗauki ƙwayar a jini alhali wani ciwon ne ke kayar da shi. In tana da ciwon suga, a auna shi ma.

Ruɗewar kwana biyu kaɗai ta isa a kai ta ga likita yau. In kuma numfashi ya kai 25, ko lambar sama ta tansiyo ta sauko 10, ko ba ta farkawa sosai, ko ta yini ba fitsari, ko wuya ya sanƙare a lokacin sanƙarau, a wuce Babban Asibitin Zinder kai tsaye. Ki riƙo duk magungunan da take sha cikin leda ɗaya, da takardar da kika rubuta awo da lokacinsa.