Lambun dashe na hanyar Shika, ga mai son gada ta zauna a filinsa

Duk wanda yake da ɗan daji a bayan gari, ko ta wajen Giwa ko a gaɓar kogin Galma, kuma yana son gada da zomo da zabin dawa su riƙa zama a ciki, abin da zai fara nema shi ne itatuwan da suke ci da waɗanda suke fakewa a cikinsu. Yawancin masu sayar da dashe a Zariya turare da darbejiya da mangwaro suke ajiyewa, domin su kasuwa take nema. Wani lambu da ke kan hanyar Samaru zuwa Shika ya bambanta da su, domin yana renon gawo da magarya da aduwa da kanya a cikin leda.

Abin da ya fi daraja a wurin, a ganina, shi ne shawarar mai lambun. Ya bayyana mini cewa gada ba ta dogara da ciyawa kamar saniya, ganye da tofo da 'ya'yan itatuwan da suka faɗo ƙasa take bi, kuma ba ta yarda ta kwanta a sarari. Saboda haka ya hana ni sassabe sabara da gezar da na tarar a filina, ya ce a dasa magarya kusa da juna domin ta haɗe ta zama sarƙaƙiya, a bar gamba ta yi tsayi a tsakani, sa'an nan a share gefen filin kafin hunturu saboda gobarar daji. A Amurka masu ƙananan filayen farauta sukan shuka wa bareyinsu ganyayen kiwo su ajiye musu gishirin lasa, amma a nan, inda ake shafe watanni daga Nuwamba zuwa Afrilu kusan babu ruwan sama, gawo ya fi amfani, tunda da rani yake fitar da ganye yana zubar da 'ya'ya. Sai dai yana ɗaukar shekaru kafin ya fara.

Inda lambun ya gaza shi ne kula da saiwa. Da na yaga ledar wasu daga cikin gawon, na tarar saiwar ta nannaɗe a gindi kamar gammo saboda daɗewa, irin waɗannan kuwa ba su cika tsallake ranin farko ba. Ba a kuma rubuta sunayen dashen, ba a kai wa mai saye gida, dole ya nemi a-kori-kura da kansa.

Wanda zai je, ya je a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli lokacin da damina ta kankama, ya zaɓi ƙananan dashe, ya ɗaga kowace leda ya duba ƙasanta kafin ya biya, ya kuma tanadi ƙayar da zai kewaye kowane tushe saboda awaki.